Gasar Mutum-Mutumi: Yaushe Lambar Yabo Za Ta Iso Maiha?

Daga Wakilinmu na Arewa

A 'yan shekarun nan wata sabuwar gasa ta shigo makarantun ƙasar nan, wato gasar haɗa mutum-mutumi. Abin da ake nufi da mutum-mutumi a nan shi ne 'yar na'ura wadda yara ke harhaɗawa da ƙarafa da tayoyi da ƙananan injuna, sa'an nan su rubuta mata umurni a kwamfuta, ta riƙa tafiya tana ɗauko kaya tana kai su inda aka ce. In an gama gasa sai a raba kofuna da lambobin yabo, a ɗauki hotuna, jaridu su buga. Yabon gwani ya zama dole, babu mai ja da wannan. Amma ya kamata jama'a su duba yadda ake tsara waɗannan kyaututtuka, domin tsarin kyauta shi ne ke nuna wane yaro zai shiga fili, wane ne kuma za a bari a waje. Waɗanda aka bari a waje kuwa su ne irin yaran Maiha ta Jihar Adamawa.

Bari mu fara da yadda ake yi a waje. A watan Yuli na 2017 ƙungiyar FIRST Global, wadda wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Dean Kamen, ya kafa, ta tara 'yan makaranta daga ƙasashe fiye da 150 a babban birnin Amurka, har da Nijeriya. Kowace ƙasa an aika mata akwatin kayan haɗi iri ɗaya, mai kuɗi da matalauciya. Aikin da aka ba su ya shafi ruwan sha ne: mutum-mutumi ya rarrabe ƙwallaye masu launin shuɗi, a matsayin ruwa mai tsabta, da masu ruwan lemo, a matsayin ƙazanta. A kowane zagaye ana haɗa ƙasashe uku su zama ɓangare guda, saboda haka babu mai ci shi kaɗai.

Labarin da ya fi yaɗuwa a wannan shekara shi ne na 'yan mata shida daga garin Herat na Afganistan. Sau biyu aka hana su bizar shiga Amurka, sai dab da ranar gasa aka yarda musu bayan Shugaba Trump ya sa baki. Kayan haɗinsu ma sun makara, har ya zama kamar mako biyu kawai suka samu na aiki. Ba su zo na ɗaya a fili ba, amma an ba su lambar azurfa ta jarunta, wadda aka sa wa sunan Rajaa Cherkaoui El Moursli, wata shehiyar malamar kimiyya ta ƙasar Maroko. Zinariyar wannan lamba ta tafi Sudan ta Kudu, tagulla kuma ta tafi Oman, wadda 'yan wasanta kurame ne.

Abu biyu mai karatu zai lura da su a nan. Na farko, an daidaita kayan aiki tun kafin a fara, don kada kofi ya zama ma'aunin aljihu. Na biyu, alƙalai suna duba inda yaro ya taso da irin wahalar da ya keto kafin ya iso fili, bayan makin da na'urarsa ta ci.

To, a nan gida fa? Gasar da aka fi sani ita ce FIRST LEGO League, wadda gidauniyar Coderina ke shiryawa, ta kuma yi aiki da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da hukumar NITDA wajen kai ta makarantun haɗin kan ƙasa. Akwai irin waɗannan makarantu a Yola da Ganye da Michika. Dokokin gasar ba su da laifi. Ana auna yara ta fuska huɗu: makin da mutum-mutuminsu ya ci cikin minti biyu da rabi, da yadda suka ƙera shi, da binciken da suka yi kan wata matsala ta jama'a, da kuma ladabi da haɗin kansu. Har malamin da ya horar da su yana da tasa lambar.

Matsalar tana bakin ƙofa ne. Kafin makaranta ta shiga, sai ta sami akwatin kayan da ake sayowa daga ƙasashen waje da kuɗin waje, da kwamfuta, da wutar da za ta caja ta, da malamin da ya san abin, da kuɗin motar kai yara inda ake gasa da masaukinsu. Makarantar da iyaye ke biyan kuɗi mai tsoka a Legas ko Abuja za ta iya. Sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙauye ba za ta iya ba. Ta haka ne alƙalai za su yi adalci a cikin fili, alhali an riga an tankaɗe yara tun daga gida.

Maiha ƙaramar hukuma ce da ke kudu da Mubi, a kan iyakar Kamaru, a yankin duwatsun Mandara, kuma yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, a watan Nuwamba kuma suka shiga Maiha, jama'a suka watse, makarantu suka rufe, kafin a kore su. Yaran da aka goya a baya aka gudu da su a wancan lokaci, yau su ne ke shekarun shiga wannan gasa. In da akwai lambar jarunta irin ta 2017 a ƙasar nan, da wuya a rasa sunansu. Kuma duk wanda ya ga yaron ƙauye yana ƙera motar kara, ko ta waya da gwangwani har da sitiyari, ko ya ga samarin da ke gyaran wayar hannu a kasuwar Mubi, ya san basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne filin da za a gwada ta.

Wani zai ce ai sai gwamnati ta sayo kaya ta raba. An taɓa yin haka. A shekarun 1980, da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa ƙananan sakandare. A makarantu da yawa injunan nan sun yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya kunna su. Wanda bai koyi darasi daga wannan ba zai sake maimaita shi da mutum-mutumi.

Haka kuma yabo kaɗai ba ya ciyar da mai basira gaba. A 2007 wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa. Labarinsa ya zaga duniya, manya sun tafa masa, amma rahotannin lokacin sun ce hukumar kula da sufurin jiragen sama ba ta nuna sha'awa ba. Tafi ya ƙare a ranar, aikin kuwa yana bukatar kuɗi da malamai na shekaru.

Saboda haka shawararmu ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Adamawa ita ce ta kawo gasar kusa. Ƙananan hukumomi biyar ne a mazaɓar Adamawa ta Arewa: Madagali, Michika, Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu da Maiha. A garin Mubi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai kuma Jami'ar Jihar Adamawa. Waɗannan za su iya ba da zaure da alƙalai, ɗalibansu kuma su riƙa zagayawa suna horar da malamai. A ba kowace makarantar da ta shiga aron akwati iri ɗaya, tare da faifan hasken rana da batir, ta mayar bayan gasa a miƙa wa wata. Ƙungiyoyin JETS na matasan masu kimiyya da ƙere-ƙere, waɗanda aka daɗe da sani a sakandarenmu, a farfaɗo da su su zama gidan wannan aiki.

Game da kyaututtuka kuwa, a ware lamba ga waɗanda suka magance matsalar garinsu, kamar ɓarar gyaɗa ko ban-ruwan lambu. A ware wa 'yan mata, a ware wa makarantar da ta fi ci gaba daga bara zuwa bana. Kyautar ta zama abin da zai zauna: kayan aiki ga makaranta, kuɗin jarrabawa da na karatu ga yaro, ƙarin girma ga malami. Kofi da ambulan a hannun shugaban makaranta ba su koya wa kowa komi. Bayan shekara guda kuma ma'aikatar ta bayyana wa jama'a inda waɗanda suka ci suka kwana.

Sai dai a yi hattara kada lambar jarunta ta koma ta tausayi. Yaron Maiha ba sadaka yake nema ba. In an ba shi kaya irin na kowa, to a auna shi da ma'aunin kowa, in ya fāɗi a gaya masa inda ya kuskure.

Akwai masu cewa yaran da ke zaune a ƙasa babu benci, ina su ina mutum-mutumi? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, benci da alli da albashin malami su ne farko. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da yake aji ɗaya bana ba zai tsaya jiran a gama gyaran ilmi ba, nan da shekara shida ya fita. Akwati guda yana isar yara goma a lokaci ɗaya, ya kuma yi shekaru yana aiki. Kasafin kuɗin ilmi na jihar yana bi ta gaban Majalisar Dokoki kowace shekara, kuma wakilan waɗannan ƙananan hukumomi biyar suna zaune a cikinta. Su ne ya kamata iyayen yara su tambaya.