FILIN MASU KEKE: In Sukurun Giya Ya Ɓace

Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Wannan magana ta dace da wasu 'yan sukurori guda biyu da ke jikin giyar keken zamani, waɗanda ba su kai ƙwayar gyaɗa ba, amma lafiyar mahayi tana rataye a kansu.

Duk wanda ya duba ƙarfen da ke sauya wa sarƙa mazauni a ƙafar baya zai ga an rubuta H kusa da ɗaya, L kusa da ɗayan. Aikinsu shi ne yi wa sarƙa iyaka. Mai H yana hana ta zarce ƙaramin haƙori ta faɗa waje, mai L kuwa yana hana ta wuce babban haƙori ta shiga cikin wayoyin wili. In mai L ya kwance ya faɗi a hanya, rannan da mutum ya sa giyar hawa tudu sai sarƙa ta cusa cikin wayoyi, wili ya cije, ƙarfen giya ya karye, mahayi ya sha ƙasa. Allah ya kiyaye.

To, ina za a sami madadinsa? Da farko a san awonsa. A yawancin giyoyi, kamar na kamfanin Shimano na Japan, kaurin sukurun milimita 4 ne, tazarar zarensa kuma milimita 0.7, watau abin da 'yan kasuwa ke kira M4. Wanda ba shi da abin awo sai ya kwance ɗan'uwansa da ya rage, ya tafi da shi wurin masu sayar da noti, a gwada shi a noti guda da sabon. Tsawo ma abin lura ne, gama gajere ba zai kai inda zai tokare ba. Mafi sauƙi duka shi ne a nemi matacciyar giya wurin mai gyaran keke a cire nata.

Amma fa akwai tarko. Gwangwanin tsohon bakanike cike yake da sukurorin kekunan Ingila irin su Raleigh na dā, waɗanda aka yanka zarensu da awon inci, ba na milimita ba. A ido kamar ɗaya ne. In aka tilasta irin wannan cikin giya, wadda galibi jikinta alminiyam ne mai taushi, zai cinye zaren ramin, daga nan sai sayen sabuwa. Ƙa'ida ita ce a fara murza shi da yatsu. In ya cije tun da fari, ba nasa ba ne.

Haka kuma a lura da sukuddireba. Kan sukurun Japan mai gicciye ya ɗan bambanta da na Amurka, shi ya sa baki yakan zame ya cinye shi. Mai kan da ake murzawa da makullin alan ya fi ƙarko.

Bayan an ɗaura, a ɗaga ƙafar baya, a kai sarƙa kan babban haƙori, a tura giya da hannu wajen wayoyi. In ta ƙi wucewa, aiki ya yi. Sai a lokacin ya kamata a hau.