Wayar da ke aljihunka, wa take yi wa aiki?

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Katako ya nufi Maraɗi bai sanar da kowa ba, amma kamfanin wayarsa ya sani, domin duk ƙarfen sadarwar da ya wuce sai ya shaida lambarsa. Lambar nan kuwa da katin ɗan ƙasa aka yi mata rajista. A haɗa da kuɗin da ya aika, da ma'aikacin da ya kira da tsakar dare, shi ke nan asirin mutum biyu ya fito fili.

Za a ce ai akwai doka. Haka ne: tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan jama'a, har da hukumar HAPDP. To, amma ranar 29 ga Mayun 2020 Majalisar Dokoki ta amince a riƙa sauraron wayoyi da sunan tsaro, ƴan adawa suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Dokar ta ɗora izinin sauraron a hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba. Ayar doka ta 29 ta kundin tsarin mulkin 2010, wadda ta kare sirrin wasiƙa da waya, ta bi kundin da aka jingine a Yulin 2023.

Ba mu raina tsaro ba. Jinin mutanen Tillaberi bai bushe ba. Buƙatarmu kaɗan ce: alƙali ya sa hannu kafin a kasa kunne, kamfanoni kuma su gaya wa mai layi, da Hausa da Zabarmanci, wata nawa suke ajiye sawunsa da wanda suke miƙa wa.