KANO KO KADUNA: INA ZA MU KAI KAYANMU?

Duk shekara, da zarar jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, akwai wata gardama da takan tashi a ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Samaru har Kongo, wadda ba ta cikin manhajar kowane sashe amma kowa yana da ta cewa a kanta. Gardamar kuwa ita ce: idan Allah ya sa mun karɓi digiri, mun gama bautar ƙasa, a ina ya kamata mutum ya kafa zama, Kano ko Kaduna? Ni dai haifaffen Ƙofar Doka ne a birnin Zazzau, kuma Allah ya ajiye garinmu tsakanin waɗannan manyan birane biyu, Kaduna kimanin kilomita 80 ta kudu, Kano kimanin kilomita 150 ta arewa. Tun ina ƙarami nake ganin yayyenmu suna ɗaure kayansu, wasu su yi kudu wasu su yi arewa, na kuma ga yadda kowannensu yakan dawo gida ranar salla. Saboda haka ina ganin ina da ɗan abin da zan tofa a wannan magana.

Galibin abokaina Kaduna suke zaɓa, ni ma a da can ina tare da su. To amma yau na sauya ra'ayi, ina ganin ga matashin da ya fito jami'a a wannan zamani, wanda ba ya da uwa a gindin murhu, Kano ta fi dacewa da shi. Kafin 'yan'uwa su yi mini ca, bari in kawo dalilaina, kuma zan fara da tarihi, domin kuwa gari kamar mutum yake, halinsa yana biye da asalinsa.

Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, a bakin kogi kuma a kan layin dogo, aka taso da hedkwatar mulkin Arewa daga Zungeru zuwa can a 1917. Waɗanda suka fara cika garin su ne sojoji, da akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da masu yi musu hidima. Daga zamanin Sardauna aka fara ƙara mata masana'antu: masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Watau tun daga tushe, abin da ke riƙe da Kaduna shi ne albashi. Ba banza ba ake ce mata garin Gwamna.

Kano kuwa ba wanda ya zana ta. Mutane ne suka taru a gindin Dala suna noma da ƙira, gari ya yi ta faɗaɗa har aka zagaye shi da ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ayarin raƙuma na zuwa daga hamada, fatake na tafiya Gwanja sayen goro. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, Turawa sun sa ran auduga za a riƙa lodawa, sai 'yan kasuwar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bazu ƙauyuka suna saye, har aka kai ga dalar gyaɗar nan da sunan Alhasan Ɗantata ya shahara da ita. Abin da ke riƙe da Kano ke nan tun fil azal: ciniki.

Wannan bambanci ba a ƙasarmu kaɗai ake samunsa ba. A Amurka ma haka abin yake tsakanin Washintan da Niyu Yok. Washintan gwamnati ce ta yanke shawarar gina ta a 1790, ta tare a cikinta a 1800, kuma har yau harkar mulki ce jigon garin. Niyu Yok kuwa tashar jiragen ruwa ce ta 'yan kasuwa, mai cunkoso da hayaniya da tsadar haya, amma duk wanda ya sauka da ƙarfinsa yana sa ran samun abin yi. Bambancin kawai shi ne, har gobe Washintan ce fadar gwamnatin Amurka, alhali Kaduna tuni aka raba gadon da aka gina ta dominsa.

Ga yadda aka raba shi. A 1967 Janar Gowon ya rushe jihar Arewa, aka yi jihohi shida daga cikinta, yau kuwa sun zama 19, kowace da sakatariyarta da ma'aikatanta. Kaduna da ke juya ƙasa daga Sakkwato har Borno sai ta koma hedkwatar jiha guda, ita ma aka yanke Katsina daga jikinta a 1987. A 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, manya suka bi ta can. Sannan masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wutar lantarki, da tsadar man injina, da atamfa mai araha da ake shigowa da ita daga ƙasar Sin. Masaƙar nan ta 1957 ta tsaya a 2002, babbar cikinsu ta tsaya a 2007.

Wannan ba labarin littafi ba ne a gidanmu. Kawuna ya yi shekaru masu yawa yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. An ce a lokacin da yake ganiyarsa, idan ya zo Zariya a kan babur ɗinsa, da turamen atamfa na rabo, har maƙwabta sai sun san ya zo. Ni ban riski wannan zamani ba. Kawun da na sani dattijo ne mai zama a zaure, da wata tsohuwar jaka cike da takardu, yana jiran kuɗin sallamarsa shekara da shekaru. Wata rana na tambaye shi, na ce, "Kawu, da aka rufe masaƙa me ya hana ku kama wata sana'a a can?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wa za ka sayar wa? Mai shago, da mai tuwo, da mai gidan haya, duk albashinmu suke jira. Ranar da injin ya tsaya, unguwa duka ta tsaya." Tun daga ranar na fara kallon Kaduna da wani ido.

Kada wani ya ce ai aikin gwamnati yana nan. Mu tuna cewa bayan jarrabawar gwaji da aka yi wa malaman firamare a 2017, gwamnatin jihar Kaduna ta sallami fiye da 21,000 daga cikinsu, a 2021 kuma aka sake rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi har ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko yana ganin an yi kuskure, darasin ɗaya ne: takardar ɗaukar aiki ta daina zama katangar da iyayenmu suka jingina da ita har tsufa.

To ita Kano ta tsira ne? Ba ta tsira ba. Duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa zai ga masana'antu da yawa a kulle, ciyawa ta cinye harabarsu. Amma ga abin lura: da masana'antu suka mutu, garin bai mutu tare da su ba, domin yana da wata ƙafa da yake tsaye a kanta. Atamfar nan ta waje da ta kashe Kakuri, ita ce ta cika rumfunan Kantin Kwari, inda mutanen Nijar da Cadi da Kamaru suke zuwa sari. Wannan abin takaici ne ga ƙasa, ban kuwa ce abin alfahari ba ne, amma yana nuna halin garin: idan hanya ta toshe, Bakano ba ya zama jiran a buɗe ta. Ga Dawanau ta hatsi da riɗi, ga Singa ta kayan masarufi, ga Ƙofar Ruwa ta ƙarafa da kayan gini, ga Ƙofar Wambai, ga Sabon Gari, ga kasuwar wayar hannu, ga harkar finafinai da ta ɗauki dubban matasa. Kowace daga cikinsu tana bukatar wanda ya iya lissafi, da wanda ya iya rubuta wasiƙa zuwa Dubai ko Sin, da wanda ya san doka, da wanda ya san kwamfuta. Su wane ne waɗannan in ba mu ba?

Ina da wani yaya a unguwarmu da ya karanta ilmin tattalin arziki. Shekara biyu yana yawo da takardu ofis-ofis, har takalminsa ya cinye. Daga bisani ya haƙura ya bi wani ɗan'uwan mahaifiyarsa Kwari, yana riƙe masa littafin shiga da fita. Abokansa suka yi ta yi masa dariya, wai mai digiri ya zama yaron shago. Bayan 'yan shekaru ubangidansa ya sallame shi da jari, yau yana da tebur nasa da yara biyu a ƙarƙashinsa. Bai zama attajiri ba, amma ya yi aure, yana aiko wa mahaifiyarsa da abin cefane, ba ya kuma kwana da fargabar wata takarda da za ta fito daga sakatariya.

Yanzu bari in ba Kaduna haƙƙinta, don kada a ce son zuciya ya rufe mini ido. In dai daɗin zama ake magana, na jiki da na ido, Kaduna ta yi wa Kano nisa. Titunanta a tsare suke, ga itatuwa, ga kogi, ga damina mai albarka, zafinta kuma bai kai na Kano ba, inda a watan Afrilu rana kan hana mutum sakat. Tun 2016 jirgin ƙasa yana tashi daga Rigasa zuwa Abuja, ko da yake harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna mana cewa tsaron hanyar ba abin wasa ba ne. Kano kuwa, mu faɗi gaskiya, ta cika ta batse. Unguwanni da yawa sun manta rabonsu da ruwan famfo, sai 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. Magudanan ruwa a cushe, bola a bakin titi, hayaƙin Adaidaita Sahu ya turnuƙe mahadar hanyoyi tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. Wanda ya saba da shirun Samaru, makon farko a Kano sai ya yi ciwon kai.

Akwai kuma wata falala ta Kaduna da ta fi waɗannan duka. Da yake kusan kowa zuwa ya yi, ba a cika tambayar mutum ɗan gidan wane ne ba. Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Bajju da Tibi sun yi makaranta ɗaya, sun yi aiki a inji ɗaya. A cikin birnin Kano kuwa, kana iya shekara ashirin ana ce maka baƙo. 'Yan'uwanmu mata sun fi kowa sanin wannan, domin budurwar da aiki ya kai ta gari, ta je neman ɗakin haya ita kaɗai, takan sha tambayoyi a wurin masu gida, kuma waɗanda na zanta da su sun ce abin ya fi sauƙi a Kaduna. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuwa da amsar da za ta rushe ta.

Sai dai ita ma wannan falala ta samu rauni. Tun rikicin watan Fabrairu na 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamba 2002, mutane suka yi ta sayar da gidajensu suna ƙaura, Musulmi suka fi taruwa arewacin kogi, Kirista kudancinsa. Yau idan baƙo ya sauka Kaduna neman haya, dillali kan fara jin sunansa kafin ya san unguwar da zai kai shi. Garin da aka san shi da haɗa kan jama'a ya zama gari biyu da gada a tsakani. Kano ma ta ga nata tashin hankalin, tun daga Maitatsine a Disamba 1980 har zuwa hare-haren 20 ga Janairu 2012, saboda haka ba wanda zai yi wa wani gori. Abin da nake nufi kawai shi ne, wanda zai zaɓi Kaduna saboda Kadunar da iyayensa suka ba shi labari, to ya je ya duba ko tana nan.

A nawa ɗan guntun tunani, tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa ita ce: ran da aiki ya kuɓuce mini, ko ya ƙi samuwa sam, wane gari ne zai ba ni abin yi kafin wata ya ƙare? Wanda ya riga ya samu gurbi a wata ma'aikata, ko asibiti, ko makarantar horon sojoji, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya tafi Kaduna, Allah ya sanya alheri, zai sha iska mai daɗi. Amma mu nawa ne za mu samu irin wannan gurbi, cikin dubban da jami'o'i ke yayewa kowace shekara? Sauranmu fa, waɗanda za su fita da kwali a hannu da aljihu wayam?

Matsalarmu, 'yan'uwa ɗalibai, ita ce an rene mu da tunanin cewa ƙarshen boko shi ne ofis da kujera mai juyawa, har muka ɗauki kasuwa wurin wanda bai yi karatu ba. Wannan girman kai ne da ba mu da halin ɗaukar nauyinsa yanzu. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, yadda take gayyato manyan ma'aikata su yi mana lacca, ta riƙa gayyato shugabannin kasuwanni su ma, su faɗa mana yadda ake fara sari da ƙaramin jari, da yadda ake riƙe amana. Ina kuma kira ga waɗanda suka riga mu shiga aikin gwamnati, a kowane gari suke, su tuna cewa ruwan famfon da babu a Kano da masaƙun da ke kulle a Kakuri, a kan teburorinsu takardun suke.

Ni dai, in Allah ya kai mu, ran da na gama bautar ƙasa na dawo Ƙofar Doka na yi sallama da tsofaffi, motar Kano zan shiga. Na san zan sayi ruwa a jarka, na san zan sha zafi da ƙura, na kuma san za a daɗe ana ce mini Bazazzagi. Duk na ji na gani. Jakar takardun Kawu tana nan rataye a zaurenmu, kullum na shiga gida sai na gan ta, ba na kuwa fatan in bar wa 'ya'yana irinta.

Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.