Zafin Maiduguri Da Injin Turbo: Ra'ayina



Kun san a watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Turbo na matse iska ta ƙara zafi, intakula ce ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. Makanikena ya ce in sa na'urar fesa ruwa cikin injin motata, na ƙi. BMW ta yi hakan a M4 GTS a 2016, amma da tataccen ruwa. Ruwan burtsatse zai toshe bakin feshin, injin da aka ƙara wa ƙarfi ya buga a hanyar Damaturu.

Ni dai a ganina, a wanke ƙurar hunturu daga intakula, mai hali ya sa babba.

Allah ya tsare, amin.