Ziyarar Urushalima da Masu Ƙidaya Kwanakin Duniya

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sani wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai ba za su ji daɗinsa ba, amma ko mun ƙi zancensa yau, gobe za mu tarad da shi a gaban allo.

A hutun da ya wuce na tafi gida Mubi, na iske kawuna yana shirin kai bijimansa biyu na huɗa kasuwar shanu, har kuma yana cigiyar mai sayen gonarsa ta bakin kogin Yedzaram. Na ce, “Kawu, lafiya?” Sai ya shiga ɗaki ya fito mini da wata takarda mai hotuna. Wani kamfani ne na masu shirya tafiye-tafiye ya haɗa kai da wani baƙon mai wa'azi, za su kai mutane ƙasar Isra'ila kwana 10, su ga Baitalami, da Nazarat, da Tekun Galili, da Kogin Urdun, da Dutsen Zaitun. Har nan ba laifi. Amma manyan baƙaƙen takardar duk a kan Magiddo su ke, inda aka ce za a yi yaƙin ƙarshe, an kuma yi alkawari mai wa'azin zai tsaya a can ya nuna wa maziyarta alamun da suka cika ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa an rubuta wai mai yiwuwa wannan ita ce ziyara ta ƙarshe. Kawu ya ce mini, “Malam,” (haka ya ke kirana tun da na shiga kwaleji) “me zan yi da gona, tun da duniyar ta zo gangara?”

Kada mai karatu ya zaci ziyarar na ke ƙi. Ni kaina in Allah ya hore mini zan tafi, domin gani ya kori ji, malami kuwa ya fi kowa sanin haka. Sa'ad da na ke yaro a makarantar Mishan na ɗauka Tekun Galili ruwa ne wanda ba a ganin ƙarshensa, ashe tafki ne mai tsawon kilomita 21 da faɗin 13. Daga Urushalima zuwa Baitalami misalin kilomita 9 ne, bai kai daga Mubi zuwa Mararraba ba. Malamin da ya taka waɗannan wurare da ƙafarsa, ya ga yadda hanyar Yariko ta gangara cikin duwatsu, lalle darasinsa zai fi nawa armashi.

Amma sai mu tuna ziyarar nan ba farilla ba ce a kanmu. Ga 'yan'uwanmu Musulmi aikin Hajji ginshiƙi ne na addini, wajibi ga wanda ya sami iko. Mu ba a ɗora mana irin wannan ba. Wanda ya karanta zancen Yesu da Basamariya a sura ta 4 ta Yohanna ya san ba a ƙayyade sujada ga wani dutse ko wani birni ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta kula da maziyarta Kirista, kuma al'ada ta kafu mutum ya dawo ya liƙa JP a bayan sunansa. In za mu faɗa wa juna gaskiya, rabin sha'awar haruffan nan biyu kishi ne, don maƙwabci ya zama Alhaji. Wannan dai raunin ɗan'adam ne, ba shi ne damuwata ba. Haka kuma zancen kuɗin gwamnati da a ke kashewa a kan kujerun ziyara na addinan biyu, alhali yara na zaune a ƙasa a aji, na bar shi sai wani jiƙon.

Bari mu koma Magiddo, tun da ita ce aka sa a gaba. Na je ɗakin karatu na bincika labarinta. Wani tudu ne a bakin kwarin Yezreyel, a kan tsohuwar hanyar fatake da mayaƙa wadda ta haɗa Masar da Suriya. Tudun nan ba halitta ba ne kurum, garuruwa ne aka gina wani bisa kangon wani. Masana na jami'ar Shikago ta Amurka sun yi tono a wurin daga 1925 zuwa 1939, an kuwa ƙidaya hawa fiye da 20. A nan Fir'auna Tutmos na Uku ya ci sarakunan Kan'ana wajen shekara 1,450 kafin haihuwar Almasihu. A nan aka kashe Yosiya sarkin Yahuza a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu. A wannan kwari kuma Janar Allenby na Ingila ya karya rundunar Turkawa a 1918. Sunan Armagedon, wanda a ke ta tsorata mutane da shi, sau ɗaya tak ya fito a Sabon Alkawari, cikin sura ta 16 ta Ru'ya ta Yohanna, littafin da ya ke cike da misalai da surori masu wuyar fassara.

To, jama'a, ku duba. Ranar da aka ƙone kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan, ai mutanensa sun ce duniya ta tashi. Bayan ƙura ta lafa waɗansu suka zo suka daidaita tokar, suka aza sabon harsashi, suka haƙa rijiya. Wannan shi ne abin da tudun ke nuna wa mai ido, ba kuwa shi ne a cikin takardar kawuna ba.

Masu ƙidaya kwanakin duniya ba yau suka fara ba. Mabiyan William Miller a Amurka sun tsai da 22 ga Oktoba 1844, waɗansu suka bar amfanin gona a daji ba girbi, gari ya waye. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, waɗansu suka ƙara shekara 40 a kai suka ce 1988 ce. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba dukiyarsu a tallar ranar. Ko a watan Satumba na 2025 an yi ta yaɗa wata rana a wayoyinmu, ta zo ta wuce kamar sauran. Da abin dariya ne kaɗai da sauƙi. Amma a Kanungu ta Uganda, a watan Maris na 2000, ɗaruruwan mutane sun hallaka a hannun shugabannin wata ƙungiya da ta sa wa duniya rana, a dajin Shakahola na Kenya kuma a 2023 an tono gawa fiye da 400 ta waɗanda aka ce su bar cin abinci su tafi su sadu da Yesu. Ni na gaskata Ubangiji zai dawo, muna shaida wannan kowace Lahadi. Sai dai shi da bakinsa, a sura ta 24 ta Matta, ya nuna ko mala'iku ba a sanar da su ranar ba. Yaya za a ce an sanar da wani mai tallar tikitin jirgin sama? Manzo Bulus ma ya yi fama da irin wannan a Tasalonika, har ya tsawata wa waɗanda suka ajiye aiki suka zauna cin na mutane.

Mu mutanen Mubi bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, domin mun ɗanɗana. Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo garin, suka kama hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi, suka sāke wa Mubi suna. Ina ɗan shekara 12. Muka bi duwatsu wajen iyakar Kamaru da ƙafa, ba ruwa ba abinci, wani maƙwabcinmu Musulmi shi ya goya ƙanena sa'ad da uwarmu ta gaza. Da dare manya suna cewa wannan shi ne gudun nan zuwa duwatsu da aka faɗa, ƙarshe ya zo. Bayan kamar mako 2 soja da maharba suka ƙwato garin. Da muka komo muka tarad da majami'u a ƙone, kantuna a fashe, dawa kuwa tana tsaye a gona tana jiran mai yanka. Kawun nan nawa yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar lauje. Da hatsin gonar da ya ke so ya sayar yau muka ci abinci a shekarar nan.

Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa, na je na saurari mai wa'azin nan da kunnena. Yana lissafa yaƙin Gaza da ya ɓarke ran 7 ga Oktoba 2023 da murna a fuskarsa, kamar ɗalibin da lissafinsa ya fita daidai, jama'a na tafi. Kaito! Yaƙin da a ke hangowa daga nesa shi ne a ke kira alama. Mu da aka yi shi a ƙofar gidanmu mun san gawa ce da marayu. Da wani ya tsaya a wata ƙasa a 2014 yana tafi don Mubi ta faɗi annabci ya cika, yaya za mu ji? Bai ko ambaci cewa akwai Larabawa Kirista a Baitalami da Gaza ba, waɗanda kakanninsu ke sujada a can tun kafin Bishara ta iso Garkida a 1923. Bai gaya wa jama'a ba cewa mabuɗin babbar majami'ar Kabarin Almasihu a Urushalima a hannun waɗansu gidaje biyu na Musulmi ya ke shekaru aru-aru, su ke buɗe ƙofa da asuba su rufe da dare. Ba-Mubin da ya ga wannan da idonsa ya dawo da tsarabar da garinmu ke bukata.

Ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, maganar nan ta shafi aikinmu. Sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye, wani yaro mai ƙwazo a aji 6 ya daina zuwa. Na bi shi gida, ubansa ya ce ba zai biya kuɗin jarrabawa ba, wai ba za a kai baɗi ba. Na yi sawu 3 kafin ya sake shi. Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujadarsu ta fari a gindin tsamiya a Garkida, su ma suna sauraron dawowar Ubangiji, amma makaranta suka gina, da asibiti, da mazaunin kutare. Da sun zauna lissafin kwanaki, da ni da yawancinku ba mu iya riƙe alli ba.

Shi kuwa Kawu, da gardama ta ƙi ci, sai na ce, “Kawu, duba takardar nan da kyau. Tikitin na zuwa ne kaɗai, ko da dawowa?” Ya duba ya ce da dawowa. Na ce, “Kuɗin fa, sun yarda a biya bayan tashin duniya?” Ya yi shiru, can ya fashe da dariya, ya ce boko ya lalata ni. Bijimi ɗaya ya riga ya tafi, kuɗinsa na hannun kamfanin a matsayin kafin alƙalami, har yanzu muna bin sawu. Gonar dai tana nan, ya shuka gyaɗa da masara. Ya ce zai tara kuɗin gyaɗa na shekara 3 ya tafi ta hannun hukuma, na kuwa roƙe shi in ya je ya sayo mini taswirar ƙasar babba, irin wadda a ke ratayewa a bangon aji.