MU SAN JIKINMU: Sanƙiran dare da ƙofofin jiki

 A wanga wata za mu yi magana bisa barci. Kowa ya san in dare ya yi jiki yana mutuwa, ido yana nauyi. To, wa ke gaya ma hanta dare ya yi? Wa ke gaya ma ƙoda da hanji? Su ba su da ido, ba su ganin rana. Amma akwai mai kai masu labari. Masana suna ce da shi melatonin. Mu a nan sai mu ce da shi sanƙiran dare, don aikinsa shela ne.

Daga ina yake fitowa?

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, girmansa kamar ƙwayar shinkafa. Sunansa finiyal. Shi ne ke yin melatonin. In ido ya ga duhu, sai labari ya kai gare shi, ya kama aiki. In ido ya ga haske, sai ya tsaya. Melatonin yana fara yawa cikin jini wajen awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya. Yana kai maƙura tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4 na dare. Da rana kuwa ɗan kaɗan ne ke cikin jini.

A shekarar 1958 aka gano shi. Wani lokotoron fata na Amurka, Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa suka tatso shi daga ƙwaƙwalwar shanu dubu-dubai da aka yanka a mahauta.

Finiyal ba shi da rumbu, ba ya ajiya. Abin da ya yi duka, nan take yake zuba shi cikin jini da cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Cikin jini akwai wani abu da ake kira albumin. Shi ne amalanken melatonin. Wajen kashi 60 zuwa 70 bisa 100 na melatonin bisa wanga amalanke yake tafiya. Sauran yana tafiya da ƙafarsa.

Yaya yake shiga?

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su sai da madubin lokotoro. Ku ɗauki kowace ƙwaya kamar gida. Kowane gida da dangarsa. Dangar ƙwaya ta maiƙo ce, siririya. Ita ke tsare abin da ke ciki, ta hana na waje faɗowa barkatai.

Abin da ba ya shiri da maiƙo, kamar gishiri da sukari, ba ya iya ratsa wagga danga. Sai ya bi ta zaure. Cikin dangar akwai zauruka da yawa, kowane zaure da ɗan dakonsa. Ɗan dako yana karɓar kaya daga waje, ya juya, ya sauke su ciki. Kuma kowane ɗan dako da irin kayan da ya sani. Mai ɗaukar sukari daban, mai ɗaukar gishiri daban.

Melatonin shi ƙarami ne, yana shiri da maiƙo, yana kuma ɗan shiri da ruwa. Don haka yana iya ratsa danga da kansa, yadda mai ke ratsa takardar da aka ƙunshe ƙosai. Shekaru da yawa masana sun ɗauka wannan ita kaɗai ce hanyarsa.

Amma ga abin lura. In ratsawa ce kurum, da melatonin ya bazu daidai wa daida ko'ina. Awo ya nuna ba haka yake ba. A shekarar 1999, a Faransa, an auna tumaki da dare. An tarar melatonin da ke cikin ruwan tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ninka na jini wajen sau 20. Dalili shi ne finiyal yana zubawa kai tsaye cikin ruwan. An kuma tarar yana taruwa da yawa cikin ruwan ɗaci na matsarmama. Ashe rabon ba ɗaya ba ne, wani wuri ya fi wani samu.

Ƴan dakon da aka gano

A shekarar 2015, masana na jami'ar Obiyedo, a Sipaniya, suka duba zauren da sukari ke bi. Sunan ɗan dakon wurin GLUT1. Suka tarar yana ɗaukar melatonin shi ma. Kun san in kaya iri 2 suka taru bakin zaure guda, sai an yi tururuwa. Haka suka gani: yawan sukarin da ke wurin yana sauya yawan melatonin da ke samun shiga.

A shekarar 2017, masana na birnin Daliyan, a ƙasar Sin, suka gano wasu ƴan dako 2, PEPT1 da PEPT2. Aikinsu da aka sani tun da shi ne ɗaukar gutsattsarin abinci mai gina jiki, cikin hanji da ƙoda. Aka tarar suna kai melatonin har cikin murhun ƙwaya.

Mine ne murhun ƙwaya? Cikin kowane gida akwai inda ake hura wuta. Ƙwaya ma haka take. Tana da ƴan murahu da masana ke kira mitokondiriya. Nan ake ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, a samu ƙarfin yin aiki. Inda wuta take kuwa ba a rasa tartsatsi. Tartsatsin murhun ƙwaya yana iya lalata kayan gida. Melatonin yana cikin masu kashe shi. Kun ga amfanin ɗan dakon da ke kai shi daidai bakin murhu.

Mu yi hattara a nan. Waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne bisa ƙwayoyin ciwon daji da ake reno a ɗakin bincike, da bisa ɓeraye. Ba su mai da melatonin maganin ciwon daji ba. Wanda ya ce maku haka, kuɗinku yake so.

Ban da masu ɗauka, akwai masu saurare. Bisa dangar ƙwayoyi da yawa akwai kunnuwa iri 2, MT1 da MT2. Melatonin yana tsayawa bakin danga, kunnen ya ji shela, gida ya san dare ya yi.

Ina yake ƙarewa?

Sanƙira ba ya kwana inda ya yi shela. Hanta tana kama melatonin, ta sauya shi, ƙoda ta fid da shi cikin fitsari. Kafin awa 1 rabin abin da ke cikin jini ya tafi. Shi ya sa finiyal yake aiki dare duka. In haske mai ƙarfi ya shiga ido tsakar dare, sai ya rage aiki, shela ta yanke.

Mine ne namu a ciki?

Ƴan dakon jiki ba su hannunmu. Amma kayan da za su ɗauka suna hannunmu. In finiyal bai yi melatonin ba, ɗan dako hannu banza zai tsaya.

Na 1, duhu. A shekarar 1980 aka tabbatar a Amurka cewa haske mai ƙarfi yana tsai da melatonin ga mutum. Daga baya aka gane ko hasken fitilar ɗaki yana rage shi. Haske fari mai shuɗi-shuɗi, irin na salula da talbijin da fitilar sola, shi ya fi taɓa shi. Yaron da ya kwana da salula bisa fuska, gobe a lakwal gyangyaɗi zai yi. A kashe fitila, a aje salula tun kafin kwanciya.

Na 2, mata masu ciki da masu goyo. Melatonin na uwa yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki. Bayan haifuwa, jinjiri ba ya yin nasa bisa tsari sai ya kai wajen wata 3. Kafin nan nonon uwa ke kawo mashi. Nonon dare yana da melatonin, na rana kusan babu. Uwa ta ba da nono da dare, kuma kada a haska tocila cikin idon jinjiri ko nata.

Na 3, shayi da goro. Abin da ke cikinsu mai hana barci yana daɗewa. Bayan wajen awa 5 rabinsa yana nan cikin jini. Samarin fada masu dafa shayi har ƙarfe 12 na dare, su tuna da gonar gobe.

Na 4, ƙwayar magani. Ana yin melatonin na haɗiya. In an sha, hanji da hanta suke fara tare shi, wajen kashi 15 bisa 100 ne ke kai ga sauran jiki. In an sha shi ba bisa lokaci ba, yana iya rikita lokacin barci. Kada mu sayi ƙwayar barci ga masu talla bisa keke ko cikin kasuwa. Kada mu ba yara. Wanda barci ya ƙaurace ma kwana da kwanaki, ya tafi likita a duba shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. A zauren karatu kuma, a tattauna: gidaje nawa ne cikin garinmu yara ke kwana da fitila kunne? Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.