Fa'idodi da Illolin Auna Motsa Jiki da Takardar Tambayoyi a Kartum da Umdurman

A shekarar 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka bi gida-gida da binciken STEPS. Ana gwada hawan jini da suga da na'ura, amma a fannin motsa jiki abin da bakin mutum ya faɗa shi ake rubutawa, ta hanyar takardar GPAQ mai tambayoyi 16.

Fa'idarta ta farko araha ce: alƙalami da ɗan lokaci sun wadatar a ji ta bakin dubban mutane. Ta biyu ta fi girma. Takardar ta kasa motsi gida uku, wato aiki, zirga-zirga da nishaɗi. Da wasanni kaɗai ake tambaya, da ɗan dakon kasuwar Suk Libya da manomin tsibirin Tuti sun fito a sahun malalata, alhali gumi bai bushe musu ba tun asuba. Kuma da yake ƙasashe da dama da ita suke aiki, ana iya jera Kartum da Kano a kwatanta.

Illolin a cikin tsarin tambayar suke. GPAQ kan nemi labarin makon da aka saba, takwararta IPAQ kuwa kwana bakwai da suka wuce take tambaya. A tsakiyar azumi, ko a Mayu da zafi ke haura maki 40, mutum ɗaya zai ba su amsa biyu. Sannan a takardar da aka yi aiki da ita a 2016, duk motsin da bai kai minti 10 a jere ba, ba ya shiga lissafi. Mai shayin bakin titi da ke tashi ta zauna tana kai kofi, tana fifita gawayi, sai a rubuta ta wuni a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta cire wannan sharaɗi na minti 10 daga shawarwarinta a 2020. Aikin gida ma yana cikin lissafi, amma in mai tambaya ya yi gaggawa ya ce, "Hajiya, kina aiki?" za ta ce a'a, wanki da shara su bi ruwa. Shi kuma ɗan ɗarikar da ke zikiri da yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad al-Nil, a wane gida za a sa shi?

Wasu kuma ƙari suke yi, don ba mai son a ce masa raggo a gaban baƙo. A Amurka, da aka ɗaura wa mutane na'urar auna motsi a 2003 zuwa 2004, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na manya ne suka cika ƙa'idar motsa jiki, nesa ƙwarai da abin da baki ke faɗa.

A ganina takardar ta fi amfani wajen nuna irin motsin da mutane ke yi. Adadin mintocinta kuwa sai an tace. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ma, wanda ya koma ɗibar ruwa da jarka daga Nilu ba shi da makon da aka saba da zai ba da labarinsa.